Doyar da Na Sa a Bakin Matar Rasha

Har yau ban manta da ranar da muka kai fim Zangon Kataf ba. Lokacin ina aikin ɗora murya a wani shagon fassarar finafinai kusa da kasuwar Kafanchan. Ga wanda bai san aikin ba: ana rage sautin fim ne, ba a kashe shi gaba ɗaya, sai mai fassara ya hau kai da Hausa. Oga Bulus, mai shagon, ya rubuta a allo cewa ina jin Rashanci. Ni kuwa ko gaisuwarsu ban iya ba. Fuska nake kallo, in sa wa mutum maganar da ta dace da hancinsa. Na soyayya, na ban dariya, na yaƙi, duk da hanci nake fassara su, Kafanchan tana ta yaba ilimina.

Ƙungiyar tsofaffin sojoji ce ta nemi fim ɗin yaƙi don taronta na rana, tare da matan waɗanda suka rasu. A cikin fim ɗin, wanda na Rasha ne, akwai wata tsohuwa da ta riƙe rigar wani soja a tashar jirgin ƙasa tana magana da sauri. Ni, babban masani, na sa tana yi masa faɗa don ya je Kagoma bai kawo mata doya ba. Zaure ya ɗauki dariya. Mama Asabe, shugabar matan, har da hawaye. Oga yana ta gyara hula.

Sai Baba Yakubu, tsohon injiniyan reluwe, ya ɗaga sanda. Ashe a Rasha ya yi karatu, kuma yana jin asalin maganar a ƙarƙashin muryata. Ya ce a mayar baya, a cire ni. Oga ya ce na'ura ba ta iyawa. Ta iya.

Baba ya fassara a hankali: "Ta ce, tare kuka tafi da ɗana, ina yake? Shi kuma ya ce, yana jirgi na gaba, Mama. Ƙarya yake yi. Shi ya binne shi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni ina tsoron aikina ne, sai Mama Asabe ta juyo ta ce, "Ɗana, ni ma haka abokin mijina ya faɗa mini. Ka sa na yi wa kaina dariya."

Oga bai kore ni ba, don shi ya rubuta allon. Ya goge shi da kansa washegari. Daga nan Baba ke rubutawa, ni ina karantawa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan: dariyar 'yan kallo ba shaidar ka iya ba ce. Kafin ka rufe bakin mutum da muryarka, nemo wanda ya ji abin da ya ce.