Hasken Ɗakin Malam Abdussamadu

Shekara talatin da biyu Malam Abdussamadu ya yi yana aikin akawu a Birnin Kebbi. Da ya yi ritaya ya koma gida Argungu, sai manoman shinkafa na Gulma da Augie suka riƙa zuwa yana rubuta musu takardun ƙungiya da na iyakar gona. Ɗaki ɗaya ya samu a gidan mahaifinsa, don haka ya tura gado gefe, ya kafa tebur a gindin taga, ya ce nan ne ofis. Matarsa Laure ta ce ita dai a saninta ɗakin kwana ne.

Ba a jima ba ya fara ƙorafin cewa ƙwan lantarkin ɗakin ba shi da haske. Ya hau mota zuwa Birnin Kebbi wurin Kayode, wani Bayarabe mai shagon kayan wuta, wanda Sakkwatancinsa ya fi na wasu 'yan gari. Kayode ya ba shi shawara ya sa mai laushin haske a sama saboda barci, ya ajiye ƙaramar fitila a kan tebur don rubutu. Malam ya ce ba shawara ya zo nema ba, a ba shi wanda ya fi kowanne haske.

Ƙwan da ya dawo da shi ya isa haska filin ƙwallo. Duk wani ƙwaro na fadamar Rima sai da ya samu labari. Laure ta koma kwana da zane a fuska, maƙwabcinsu Labbo kuwa ya daina kunna nasa, ya ce na Malam ya wadaci unguwa. Da duk wannan, Malam sai ya kai takarda har hancinsa kafin ya karanta. Ya gwada farin ƙwai, ya gwada mai ruwan ɗorawa, ya haɗa biyu. Cikin wata uku ya je shagon sau shida, kullum laifin na masu ƙera kayan zamani ne.

A zuwa na bakwai Kayode ya miƙa masa kwali, ya roƙe shi ya karanta masa abin da ke jiki. Malam ya ƙura ido, ya ce yanzu kamfanoni rowar tawada suke yi. Kwalin kuwa a juye ya riƙe shi.

"Baba Malam," in ji Kayode a hankali, "wanga ƙwai da kaka biɗa, ba ni da shi. Asibitin ido aka samun shi."

Malam ya fita ko sallama babu. Sati biyu bai sake tayar da zancen ba, har ranar da ya rubuta wa wani manomi gonarsa a Augie alhali tana Gulma, mutumin ya tambaye shi yaushe aka ɗauke ta. Washegari Laure ta raka shi asibiti.

Da suka dawo da sabon tabarau a fuskarsa, ya shiga ɗaki ya kunna wuta, ya yi baya da sauri yana kare ido da hannu.

"Laure, wa ya yarda aka sa irin wannan abu a ɗakin da mutane ke kwana?"

Ta ce za ta bincika, ta ci gaba da tsince shinkafarta.