Muryar Maigidana a Faifan Masu Dogon Gashi

A shekarar da muka koma unguwar Stapleton a ƙasar waje, gidan da muka kama haya yana da gareji a ƙasa, kuma ɗan mai gidan ya mayar da shi ɗakin gwajin kiɗa. Su huɗu ne, shi da abokansa, samari majiya ƙarfi, kowanne da gashi har gadon baya, ga kwalli raɗau a ido, ga wando ɗamamme mai ƙyalli. Ranar farko na gaishe su a matsayin ’yan mata, sai da ɗaya ya amsa da murya kamar ta kwandastan mota. ’Yata ta ce sunan kiɗan nasu glam metal, wato ƙarfe mai ƙyalli. Na ce to, ƙarfen dai na ji shi.

Maigidana ma’aikacin ofishin jakadanci ne, mutum mai son natsuwa, wanda ko cokali ya faɗi sai ya ɗago kai. Duk Asabar bayan azahar yakan kishingiɗa, su kuma lokacin suke farawa. Ya yi wata da watanni yana kai ƙararsu wurina, kamar ni na haife su.

Wata Asabar haƙurinsa ya ƙare. Ya sauka da jallabiya da silifa, ya tura ƙofar garejin, Turancin ya gudu ya bar shi, ya daka musu tsawa da Hausa: “Kai! Ya isa haka!” Kiɗan ya tsaya cak. Ya hawo yana huci, ya ce mini ai yara sai da tsawa.

Ashe suna ɗaukar sauti ne. Bayan kwana biyu sai ga su a ƙofarmu, sun tufke gashi, sun cire takalma tun kafin a ce su cire. Mawaƙinsu ya ce tsawar nan ta faɗo daidai kan bugun ganga, suna roƙon izini su buɗe faifansu na farko da ita. Maigidana ya ce sam. Na zuba musu tuwo da miyar kuka, suka ci har da neman ƙari, mai gangar yana share hawayen yaji, kwallinsa na gangarowa. Ina jin wannan ne ya karya wa maigidana zuciya. Ya ce ya yarda, amma kada a sa sunansa, kada kuma maganar ta kai ofis.

Faifan ya fita, ya kuma karɓu fiye da zaton kowa. Suka tashi daga garejin, aka fara kiransu wasa har wasu jihohi. Maigidana kuwa ya ce abin bai dame shi ba. Sai dai duk baƙon da ya shiga motarmu, sai waƙar ta kunna kanta bisa kuskure, a ji tsawar, sannan ya kashe yana tsaki. A ofis ma an sani, domin shi ya faɗa musu.

Da bazara suka yi wasa da rana a wani fili a Tompkinsville, suka aiko mana da gayyata. Ya ce ba za shi ba, sannan ya sa aka goge masa shaddarsa. Muka tsaya can baya. Da suka hau dandali, kafin a taɓa jita, sai taron nan gaba ɗaya ya ɗauki tsawarsa, fari da baƙi, har da wata tsohuwa mai sanda. Na saci kallonsa, na ga yana ta gyara hular da ba ta karkace ba.

A bas muna komawa na ce, “Baban yara, yau ka zama tauraro.”

Ya ce ba su iya faɗar tsawar ba, suna jan kalmar “isa” kamar masu kiran sunan wani. Washegari ya sa ’yarmu ta kira mawaƙin a waya, ya zauna yana koya masa, har shayinsa ya huce.