Ba Su Jira Inabi Ya Nuna Ba

Bazarar da ta biyo bayan yaƙin Kuwait, ina aji biyar, na dawo daga makaranta da azahar na tarar da katafila a bakin lambun da babana ya tsufa yana yi wa aiki. Inabi ya yi nauyi a jikin rumfa, ya fara ja, kaɗan ya rage a yanka. Baba na tsaye, ƙafarsa duk taɓo, yana roƙon ɗan mai lambun da ke zaune cikin mota. "Ya waladi, ɗana, ku bari ya nuna mana, ko tsuntsu ya samu." Yaron nan a kafaɗar Baba ya girma, amma ko gilashin mota bai sauke duka ba. Ya ce, "Halas ya ammi, magana ta ƙare baffa, an sayar."

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, kudu da Madina, bayan Ƙuba, kuma inabi ne ya kafa shi. Kakanninmu sun zo hajji a ƙafa, suka zauna, suka kama ban-ruwa a lambunan Larabawa, har kasuwa ta tsiro a bakin hanya. Da asuba take ci, kafin rana ta ɗaga an watse. Mu yara aikinmu korar tsuntsu da gwangwani da ɗaura wa nonon inabi tsumma saboda rina, in mun gama mu faɗa tafkin injin ruwa. Wanda ya yi kwantai iyayenmu mata su shanya ya zama zabibi.

Al'adar garin, in sanyi ya shiga itace ya yi barci, kowa zai sassabe inabinsa ya miƙa wa maƙwabci reshe ta kan katanga. Haka iri yake yawo, ba ya ƙarewa. To su magadan masu lambunan, lambu bayan lambu, duk a tsakiyar zafi suka sa katafila ta ture, lokacin da reshe ba ya kamawa. Wallahi a cikinsu ba wanda ya tambaye mu. Baba ya sani sarai, amma ya yanko reshe. Da muka koma haya a unguwar Sih ya dasa shi a garwa kan bene, yana rufa masa jiƙaƙƙen buhu, har ya bushe ya zama kara. Ko a lokacin bai yarda an zubar ba.

Yau wurin benaye ne da gidan mai. 'Ya'yana inabin kwali suka sani, mai sanyin firji, daga wata ƙasa. In na ce namu ya fi, sai su yi dariya su amsa min da Larabci. Ni kuwa ba ni da ko ƙwaya ɗaya da zan ɗanɗana musu.