Muryar da Illa ya bari a rumbu

Shekara tara ke nan cif da muka kai wana Illa makwancinsa a Tajaye, kuma har yau in na ji wani ya yi gyaran murya mai kauri a kasuwa, sai na waiga.

Mu biyu muke waƙar noma a wajen gayya, daga garinmu har ƙauyukan Malbaza. Shi ke riƙe ƙasa, ni in haye sama. Ni ake tafa wa, don siririyar murya ita ke tsallake gona, kaina kuwa ya kumbura. Sai da babu shi na gane a kan tasa muryar nake tsaye.

Ba da ita aka haife shi ba, nemanta ya yi. Kowace bazara in hatsi ya ƙare, yakan sha ruwan ɗumi da hantsi, ya sa tsani ya shiga rumbun laka. Ya dafa ƙirji da tafin hannu, ya rufe baki, ya yi ta gurnani a hankali, yana saukowa kaɗan-kaɗan har inda muryar ta fara rawa. Nan zai tsaya, ya koma sama, ya sake. Rumbun na mayar masa da abin da ya fitar, ya ji inda ya karkace. Ni ina waje ina kiran matarsa Hajo ta zo ta fitar da bijiminta daga rumbu.

Ya taɓa ce mini, "Abdu, shigo ka koya. Wagga murya taka ta ƙuruciya ta, wata rana tahiya za ta yi." Na ce in ta tafi na bi ta. Dariya kawai ya yi.

Bayan rasuwarsa na yi gayya biyu ni kaɗai, ban sake ba. Kaset ɗaya da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya taɓa ɗaukar mu, rana ta narkar da shi. Rabin Illa na waƙoƙinmu a kaina kaɗai ya rage, bakina kuma ba ya iya fitar da shi. In na mutu a haka, ya tafi ke nan.

Sai na roƙi Hajo aron rumbu. Shekarar farko wauta na tafka: na danne haɓa, na matse maƙogwaro, na ɗauka dushewa ita ce kauri. Sati uku ko sallama da ƙyar nake yi. Daga baya na tuna hannun nan nasa a ƙirji. Ashe ba turawa ake yi ba, sakewa ake yi a bar ƙirji ya ɗauka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Samari sun tafi cin rani, gayya ta yi wuya, waɗanda suka rage waya ke yi musu kiɗa daga aljihu. A Konni an nuna mini na'urar da ke kaurara murya da danna yatsa ɗaya. Na san ba zai yi faɗa ba. Tambaya zai yi ko mai waƙar yana jin abin a ƙirjinsa.

Bazarar bana, wata Laraba, na kai ƙasan da yake kaiwa. Bangon rumbu ya amsa, hannuna ya ji. Na ja baitin da muke buɗe gayya da shi, na yi shiru a inda yake yin shiru, ina jiran a haye sama. Ba wanda ya haye. Na gwada da kaina, muryar ta tsage. Tsufa ya tafi da ita, yadda ya faɗa.

Da na sauko na tarar da Hajo zaune a gindin tsani, ƙwaryar wake a cinyarta, ba ta tsince ko ɗaya ba.

"Wallahi na aza shi na," in ji ta. Ta share ido da bakin zane. "Sai nas saurara in ji ka amsa mai, Abdu. Ban ji ka ba."

Shekara tara ina fargabar kada muryar Illa ta ɓace. Tana nan, na riƙe ta. Tawa ce ta bi shi, kuma ba ni da ƙanen da zai shiga rumbu ya nemo ta.