Jirgin da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Tun ina ƙarama na san cewa a garinmu Falanko babu wanda ya yarda da labarin jirgin mahaifina. Da ƙuruciyarsa ya tafi cin rani har Lome, ya samu aikin zuba kwal a wani ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa, tsohon ƙirar Jamusawa, mai aiki da tururi. Tankunan ruwansa a gefe da gefe suke, kamar salkuna a kan jaki. Jirgin ba ya barin gari. Aikinsa kawai ya tura tarago nan, ya janyo wancan, ya jera su, babban jirgi ya zo ya kwashe ya yi gaba.

Da Baba ya tsaya a nan, da wataƙila an bar shi. To, sai ya faɗi yawan ruwan da abin yake sha a wuni. A ƙasarmu ta Damargu kuwa ruwa ba abin wasa ba ne. Mu da sai an ɗaura wa bijimin sa igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo bakin rijiya, a ce mana akwai ƙarfen da yake shanye ruwan garke guda, kuma bai taɓa kai kowa ko'ina ba?

Wanda ya fi matsa masa shi ne taubashinsa, ɗan ƙanwar kakana. Tsakanin taubasai ba a fushi, duk abin da aka gaya maka sai ka haɗiye ka yi dariya. Da Baba ya zauna a gindin aduwa sai taubashin ya fara: "Direba, yau ina muka nufa? Ko nan ɗin dai?" Baba ya yi dariya tare da kowa. Ni kuwa abin yana ci mini rai, don ina ganin yadda fuskarsa take komawa idan ya shigo gida. Daga baya ya daina ba da labarin gaba ɗaya.

Na girma, na zama malamar lakwal, wato makaranta, a Tanut. Wata rana ina duba waya na ci karo da bidiyon irin jirgin, an adana shi a can ƙasar da aka ƙera shi, ana hura masa wuta don masu kallo. Ranar kasuwa na hau mota na tafi gida, zuciyata fal da murna. Sai da na miƙa wa Baba wayar na tuna cewa yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Na yi latti, kuma na ji haushin kaina ƙwarai.

Taubashin yana zaune kusa da shi, shi ma ya tsufa tukuf, amma idonsa garau. Ya fizge wayar. "Kawo nan, ɗiyata, mu ga ƙaryar."

Ƙarar tururi ta tashi. Baba ya miƙe zaune, ya karkata kunne.

"Kai, akwai tanki a gefe?"

Taubashin ya matso da wayar kusa da idonsa. "Akwai."

"Biyu?"

"Biyu ne."

"Yanzu baya yake yi. Ko ba baya yake ba?"

"Baya yake, ga shi yana tura wani akwati."

Haka suka yi ta yi, Baba yana tambaya, mutumin da ya shekara da shekaru yana ƙaryata shi yana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Na lura hannun Baba na dama yana motsi a kan gwiwarsa, yana ɗiba yana zubawa, ba tare da ya sani ba.

Da bidiyon ya ƙare, na zuba ido in ji taubashin ya ce ya yarda. Taubashi ba ya faɗin haka, na sani, amma na so in ji. Sai ya goge ido da bakin rawaninsa ya ce, "Ɗan mitsitsi ne. Jakina ma ya fi shi amfani."

Baba ya yi dariya, ba irin wadda na saba ji a gindin aduwa ba. Ya lalubo hannun taubashin ya riƙe. "Sake kunna shi," ya ce mini. "Kai kuma, gaya mini abin da ka gani, tun daga farko."