Rigunanmu a Jikin Masuntan Argungu

Lokacin Birnin Kebbi na ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon Gwadangaji. Ba wai iyawa na yi ba. Tsawo ne da ni, kuma ba na son gudu.

Aminina da ke buga mana gaba, gwamnati ta tura shi Rasha karatun noman rani. Shekara huɗu bai leƙo gida ba. Ran nan sai ga wasiƙarsa, ya jero sunayenmu mu goma sha ɗaya da rubutun mutanen can, wasu haruffan sun juya baya, wasu kamar kujerar tsuguno. Ya ce Rashawa lallaɓa sunan baƙo suke yi yadda bakinsu ya iya. Ƙarƙashin nawa ya ƙara wata kalma, wai baratar, haka suke ce wa mai tsaron gida. Daga ranar ban ƙara jin sunana na yanka a fili ba. Roƙonsa ɗaya ne: mu ɗinka sunayen a gaban rigunanmu, mu ɗauki hoto mu aika masa, don kewarmu ta ishe shi. Na yi masa alkawari.

Tela ya kwaikwayi haruffan yana tsaki. Ranar wasanmu da Argungu muka cika motar albasa, muna ta ƙamshin sababbin riguna. Can na samu mai hoto, ya ce sai ya gama da wani taron suna. Na ce ba komai, in ya zo masu rubutu a ƙirji zai ɗauka.

Muna shiga fili kyaftin ɗinsu ya tare mu, wani masunci mai damtse kamar turmi.

"Mi na wanga ga ƙirjinku?"

Na ce, "Sunayenmu na."

"To karanta in jiya."

Wallahi na kasa. Ni da girma kawai nake gane rigata. Aka kira wani malamin allo, ya duba ya girgiza kai. Aka kira hedimasta, ya juya rigar sama da ƙasa, ya miƙo mini abina. Shi ke nan magana ta tabbata: rubutun da ya gagari malami ya gagari ɗan boko, ai asiri ne.

"Ba mu bugawa da masu laya," in ji masuncin.

Na yi rantsuwa har muryata ta dishe. Alƙalin wasa, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Tunda kun ce babu komi ciki, ku ba su su sanya." Ka ji hukunci! Muka tuɓe, muka sa nasu masu ƙarnin kifi. Kafin hutun rabin lokaci sun zura mini uku, 'yan kallo na ihu wai layar ta yi aiki.

Muna gindin mangwaro muna gardama ko ta ukun satar gida ce, ashe mai hoto ya iso. Ya jera masu rubutu a ƙirji, ya ɗauka, ya hau kekensa ya tafi.

Da hoton ya fito mun yi dariya har da hawaye. Ga masuncin nan a tsakiya, ya banƙaro ƙirji da sunana. Tsokana ta ɗebe ni, na sa hoton a ambulan na aika Rasha, ban rubuta ko kalma ɗaya ba.

Bayan wata biyu amsa ta zo. Na tara 'yan wasa zan karanta mu sake dariya. Ya ce ya karanta sunayenmu duka, tela ya yi ƙoƙari. Amma kwana uku ya yi yana duban fuskokin, bai gane kowa ba, har ni. Ya ce, "Ban faɗa wa kowa a nan ba, kunya nake ji. Ashe har na daɗe haka?"

Babu wanda ya yi dariya. Ni kunya ta kama ni, na ji haushin kaina.

Washegari na ɗauko wani mai hoto da kaina a bayan keke. Muka tsaya a filinmu da singileti, babu rubutu a jikin kowa, muka bar gurbin mutum ɗaya kusa da ni.