Kalmar Edna ba ta shiga ƙamus ba

Shekara arba'in da huɗu Horace Sugden ya yi yana gyaran injin saƙa a masaƙar ulu ta garinmu, a Yorkshire, har ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya. Da ya ajiye aiki a 1958, kowa ya zaci zai koma kiwon tattabaru kamar sauran tsofaffinmu. Sai ya ga sanarwa a jarida: wasu masana a kudu suna haɗa sabon ƙamus, suna neman masu karatu na sa kai. Aikin ba wuya. Ka karanta duk abin da ya faɗo hannunka, in ka ga an yi amfani da wata kalma yadda ya dace a lura, ka kwafe jimlar a 'yar takarda, ka sa sunan littafin da shekara da shafi, ka tura musu. Doka ɗaya ce ba sa ɗaga ƙafa a kanta: sai abin da aka buga. Abin da ka ji a bakin mutane, ko da duk gari ne ke faɗa, ba shaida ba ne.

Horace ya ɗauki abin nan kamar ibada. Tsofaffin jaridu, littafin addu'a, takardar maganin tari, ba abin da ya bari. In an sayo kifi da soyayyen dankali ranar Juma'a, sai ya karance jaridar da aka naɗo su a ciki kafin ya sa loma a baki. Matarsa Edna takan tsaya masa a ka, hannu a ƙugu.

"Malam masani, abincin ya huce. In ka gama auren takardar, ɗaga gwiwar hannunka zan kwashe."

Amma ba "kwashe" take cewa ba. Kalmar da take faɗa ita ce side, wadda ko yaron firamare ya san tana nufin gefe, ko ɓangare, ko goya wa wani baya a rigima. A bakin matan garinmu kuwa tana da wani aikin daban: a tattara kwanuka bayan cin abinci, a mayar da gishiri mazauninsa, cokula cikin aljihun tebur, a kakkaɓe mayafin tebur a ninke. Horace ya ji ta sau uku a rana shekara arba'in da ɗaya, bai taɓa kawowa a ransa cewa ta isa a rubuta ba. Shi dai yana can yana farautar manyan kalmomi a littattafan mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakansa.

Edna ta rasu a 1963, ciwon kwana tara. Bayan an watse daga zaman makoki, abin da ya fi damun Horace ba gadon da ya yi masa faɗi ba ne. In ya gama cin abinci yakan zauna yana jiran a ce ya ɗaga gwiwar hannu, ba mai cewa. Kewa ta kama shi, irin wadda ba a gaya wa maƙwabta. Ya daina shimfiɗa mayafin tebur, cokali ɗaya da wuƙa ɗaya ya bari a waje yana ɗaurayewa, aljihun teburin ma bai sake jawowa ba.

A cikin wannan hali ne masu ƙamus suka turo jerin ma'anonin da suka tara na kalmomin da suka fara da harafin S, don masu karatu su duba abin da ya kuɓuce. Ya bi kalmar Edna da yatsa, ma'ana goma sha bakwai, har da ta 'yan ƙwallo da ta mahauta. Tata babu. Ya zauna ya rubuta musu wasiƙa mai shafi uku. Amsa ta zo da ladabin nan nasu mai sanyi kamar ruwan famfo: sun gode, amma akwai kalmomi da dama masu wannan ma'ana, kamar sharewa da kwashewa da kintsawa, kuma ba su da shaidar bugu. In ya samo kafin ƙarshen Maris na 1966, lokacin da za su rufe harafin, za su duba.

Wasiƙar ya ɗauka ya nufi shagon amininsa Clem Firth, mai ɗab'i, wanda ya gaji injin buga katin biki da na jana'iza daga ubansa.

"Ji min mutanen nan! Wai sharewa. Sharewa ai aikin ma'aikaciyar otal ne, ta kwashe ta jibge a baya. Edna in ta yi nata, ko a duhu ka miƙa hannu ka san inda barkono yake."

"To kai da ka san haka, sau nawa ka taɓa taya ta?"

"Rufe min baki, tsohon banza. Shaida na zo nema, ba wa'azi ba."

Shekara biyu da rabi ya yi yana nema. Ya bi jaridar garin tun daga fitowarta ta farko a laburare, ya hau bas zuwa garuruwa uku na kwarin da garinmu yake, ya karanta littattafan girki har ya san yadda ake dafa abin da bai taɓa ci ba. Wahalar banza. Masu rubutu ba sa rubuta abin da ake yi bayan an ƙoshi, kuma matan da ke yin aikin ba su da lokacin rubutu. Idonsa ya fara hazo, ya koma karatu da gilashin ƙara girma.

Saura kwana goma wa'adi ya cika, Clem ya kira shi bayan shago ya miƙa masa wata takarda. Sanarwar shan shayi ce ta majami'a, da kwanan wata na 1912, ga kalmar nan zaune daram a layi na shida. Har ta yi ja-ja kamar ta kwana a akwati shekara hamsin.

"A ina ka samo?" in ji Horace.

"Jiya na samo ta a cikin injina. Haruffan babana ne na da, takardar kuma na jiƙa ta da shayi. Wa zai sani? Kalmar gaskiya ce, kai ka sani, ni na sani. Ƙarya ce kawai a kwanan wata."

Horace ya tafi da ita gida, kuma ba zan ɓoye ba, har ya kwafe jimlar ya sa a ambulan. Kwana uku tana aljihunsa. Ya wuce akwatin wasiƙa sau shida. A rana ta huɗu ya dawo ya ajiye ta a kan teburin Clem.

"Takarda dubu goma sha ɗaya na tura musu, ba ko ɗaya da na ƙara wa waƙafi. Ba zan shigar da Edna ta taga ba. Matar da ke mayar wa mai shago da ƙwai in ya yi kuskuren ƙara mata ɗaya?"

"Taurin kai zai kashe ka, Horace."

"Ya kashe."

Maris ya wuce. A mako na uku na Afrilu cokalinsa ɗaya tilo ya faɗa bayan murhu, ya rasa yadda zai ciro shi. Dole ya je ga aljihun tebur. Damshi ya sa katakon ya kumbura, ya ja ya ƙi, ya fizga da ƙarfi, aljihun ya fito gaba ɗaya ya kife, cokula suka watse a ƙasa. Tare da su takardar da Edna ta shimfiɗa a ƙasan aljihun ta faɗo, kamar yadda kowace mace a garinmu ke shimfiɗawa. Tsarin bikin shayin majami'armu ne na 1931, bugun uban Clem, da suna da shekara a gindi. Layi na ƙarshe ya ce bayan shayi, matar Sugden, wato Edna, da matar Firth su ne za su yi wa tebura wannan aiki, da kalmar, baƙi a kan fari. Horace ya zauna a ƙasa cikin cokula ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Taku biyu ne tsakanin aljihun da kujerar da yake zama yana karatu.

Ya tura a ranar. Amsa ta zo bayan wata guda: shaida ce ingantacciya, sun yaba ƙwarai, amma harafin ya riga ya tafi maɗaba'a. Sun adana takardarsa a akwatin gyara, za a duba ta in an tashi sabunta ƙamus, watakila nan da shekara talatin ko arba'in. Horace yana da saba'in da uku a lokacin.

Clem ya karanta wasiƙar, ya cire tabarau, bai yi tsiyar da ya saba ba.

"A kan wace takarda ka rubuta musu?"

"Irin wadda na saba. Ta littafin 'yan makaranta."

"Kai dai ba ka da wayo. Wannan shekara ashirin ta zama gari, tawadar kuma ta koɗe. Su buɗe akwati su tarar da me?"

Ya shiga ciki ya daɗe yana motsa kaya, ya fito da falle ɗaya na takardar auduga mai kauri, irin wadda ake rubuta wasiyya a kai, ya yanka ta daidai girman da masu ƙamus ke so. Ya kawo tawadar da magatakarda ke rubuta rajistar aure da ita. Horace ya goge hannunsa a wando, ya ɗauki alƙalami don ya sake kwafe musu jimlar, ya sunkuya har hancinsa na kusan taɓa takardar.

"Wannan za ta kai arba'in ɗin?"

"Za ta kai ɗari biyu. Rubuta a hankali."